Yaro ya haddace ABCD, me ya hana shi karanta "gida"?

Akwai kukan da iyaye ke yawan yi a garin Bauchi, daga masu 'ya'ya a firamaren gwamnati har masu biyan kuɗin makaranta duk zango. Yaro ya shekara biyu ko uku yana ɗaukar jaka, yana rera ABCD tun daga farko har ƙarshe ba gargada, amma in ka rubuta masa "gida" a takarda sai ya yi tsuru-tsuru. Wasu su ce yaron ne ba ya ja, wasu su ɗora wa malamai, wasu su ce waya ce ta lalata yaran zamani. Kafin a raba laifi, gara a duba abin da aka zuba wa yaron a ka.

Abin da ya haddace sunayen haruffa ne, kuma na Turanci. Harafin farko na "gida" an ce masa sunansa "ji", na biyu "ai", na uku "di", na huɗu "ei". To ya jera su: ji-ai-di-ei. Ko shehin malami ka ba wannan jeri ba zai tsamo gida daga cikinsa ba. Kowane harafi yana da suna, yana kuma da sauti, wato abin da baki ke furtawa in an iske shi a cikin kalma, kuma da sautin ake karatu. Sunan yana da nasa amfanin, da shi za ka karanto wa wani lambar mota. Amma ga yaron da Hausa ce a bakinsa sunayen Turanci har ɓatar da shi suke yi. Harafin e ana kiransa "i", shi kuma i ana kiransa "ai". Harafin c, wanda muke fara "cokali" da "ciyawa" da shi, an ce masa "si". Sunan garin ma da ke kan kowane allon bakin titi da "ch" aka rubuta shi, irin rubutun Turawa, alhali a ƙa'idar Hausa c kaɗai ya wadatar.

Girman matsalar an taɓa auna shi. A 2013, ƙarƙashin wani shirin ilimi da hukumar USAID ta Amurka ta ɗauki nauyinsa a jihohin Bauchi da Sakkwato, an zauna da 'yan aji 2 da aji 3 ɗaya bayan ɗaya aka gwada karatunsu da Hausa. A ido gwajin ba wuya: a miƙa wa yaro takarda mai haruffa a hargitse ya faɗi sautin kowanne, a ƙirga nawa ya samu a minti ɗaya, sannan a ba shi ɗan gajeren labari ya karanta. Mafi yawan 'yan aji 2 ko kalma ɗaya ba su iya karantawa a labarin ba. Shirin da ya biyo baya daga 2015 shi ya shigo da littattafan Mu Karanta makarantun gwamnati da dama a jihar, waɗanda ke fara wa yaro da sautin harafi da gaɓa, cikin Hausa.

Magana da karatu ba hanyarsu ɗaya ba. Jariri a bayan uwarsa yake tsintar magana, ba wanda ya zaunar da shi. Sai dai abin da kunnensa ke bi ma'ana ce. In ka ce "tuwo" hankalinsa na kan malmala da miya, ba ruwansa da cewa kalmar ta rabu biyu, tu da wo, balle ya lura cewa "tu" ɗin ma abu biyu ne a manne. Shi kuwa rubutun boko kacokan a kan waɗannan ƙananan gutsattsarin aka gina shi. Don haka aikin farko, tun alli bai taɓa allo ba, shi ne a janye hankalin yaro daga ma'anar kalma na ɗan lokaci a mai da shi kan amonta. Wannan kuwa ba ya shiga da bayani. Ba yadda za ka yi wa ɗan shekara huɗu lacca a kan gaɓa. Amma ka ce masa yau Musa ya koma Samu, Sani ya koma Nisa, ka ga yadda zai ƙyalƙyale da dariya ya ce a yi masa nasa sunan.

Zaurance ke nan, kuma ba daga wata ƙasa aka kawo mana shi ba. Da shi 'yan mata ke ɓoye wa manya zancensu tun kaka da kakanni. Yarinyar da ta mai da "rago" ya zama "gora", ko "tafi" ya zama "fita", ta yi aiki uku cikin ƙiftawar ido: ta datsa kalma a daidai gaɓarta, ta riƙe gutsuren biyu a ka, ta sauya musu wuri. Wadda kuma ke cusa wata gaɓa a tsakiya, "gida" ya koma "gibida", ta ƙara da lura da wasalin da ya gabata ta maimaita shi. Duk abin da littattafan horon malamai ke nema a kan rarrabe sautukan kalma yana cikin wannan wasa, amma a makarantu da yawa in an ji yara na yin sa cewa ake yi su daina shirme. Abu ɗaya ne malami zai kiyaye: wasa da suna yana saurin komawa tsokana. Ladi in ta koma Dila, ranar sai an yi rarrashi, kuma sunan zai iya bin ta har aji 6. Gara a fara da kayan aji da na gida, ko malamin ya fara da nasa sunan.

Ga 'yan rabin aji da zaurance ya yi wa nauyi, tafi ya isa. A ambaci gari a tafa masa gwargwadon gaɓoɓinsa: Mi-sau biyu, Nin-gi biyu, A-za-re uku, Al-ka-le-ri huɗu, Ja-ma-'a-re huɗu. In aka zo Tafawa Balewa, shida, sai aji ya rikice, kuma a cikin rikicewar ake koyo, domin dole kowa ya koma ya sake saurarar kalmar a hankali.

Cewa irin wannan wasa yana taɓa karatu ba hasashe ba ne. A jami'ar Okusfod ta Ingila, Lynette Bradley da Peter Bryant sun bi yara kusan 400 'yan shekara 4 da 5 da ba su fara karatu ba, suka wallafa sakamakon a 1983. Wasan da suka yi musu na fid da bare ne: a faɗi kalmomi uku ko huɗu, yaro ya nuna wadda amonta ya saɓa wa sauran. A Hausa kamar ka ce masa, mota, tasa, miya. Bayan shekaru, waɗanda suka fi iya wasan su suka fi iya karatu da rubutu. Amma sashen binciken da ya fi jan hankalina shi ne na biyu. Sun ware yaran da suka fi rauni suka yi musu horo, wasu da wasan sauti zalla, wasu da wasan sauti haɗe da haruffan roba da suke taɓawa suna jerawa. Na biyun nan su suka yi zarra.

Dalili kuwa, akwai iyakar inda kunne ke kaiwa shi kaɗai. A Fotugal, a 1979, José Morais da abokan aikinsa sun gwada manyan mutane da ba su taɓa koyon karatu ba, suka ce su cire sautin farko na kalma su faɗi abin da ya rage. Yawancinsu sun kasa, alhali takwarorinsu da suka koyi karatu da girma sun iya. Wato gaɓa kunne na kama ta da kansa, amma baƙi guda tilo, a ware shi daga wasalin da ke manne da shi, sai ido ya taimaka. Wani kwamiti da majalisar Amurka ta sa aka kafa, a rahotonsa na 2000, ya iske haka: horon kunne ya fi amfani in an haɗa shi da haruffa, kuma ba ya bukatar dogon lokaci, jimillar da ba ta kai awa 20 ba ta fi wadda aka ja ta da tsawo tasiri. A nan nake rabuwa da masu ganin cewa in dai yara na waƙa suna tsalle to ana koyo. Ajin da ya cika da kiɗa da tafi, ba a nuna harafi ba, ba a sa yaro ya haɗa biyu ya karanta ba, an yi nishaɗi ne aka tashi. Kowane wasa ya kamata ya ƙare da harafi a allo, da ɗan yatsan yaro a kansa.

Makarantar allo ta daɗe da sanin wannan tsari. Ana fara wa yaro da babbaƙu, ya san baƙaƙen tsurarsu, sannan farfaru, inda ake ɗora musu wasali bisa da wasali ƙasa da rufu'a, sannan a shiga haɗawa. Sunayen da malaman allo suka raɗa wa baƙaƙen ma akwai hikima a ciki: ba guje, min jaye, ha ƙarami, ha babba. Suna siffanta kamannin baƙin da Hausar da yaro ke ji, kuma yawancinsu da sautin baƙin suke farawa. Kwatanta wannan da "dabilyu", wanda ko alamar sautin w babu a farkonsa. Yaran Bauchi da yawa da safe suna boko, da yamma suna allo ko Islamiyya, don haka sun riga sun san cewa baƙi in ya hau wasali yana ba da gaɓa. Malamin boko bai cika tunatar da su cewa dabarar ɗaya ce ba. Su ma dattawan da suka yi ajin yaƙi da jahilci a shekarun 1950, da ba-be-bi-bo-bu suka buɗe ido, kuma da shi suka karanta jarida suka rubuta wasiƙa.

Mun kuma yi sa'ar rubutu. Turanci yana da haruffa 26 da aka ɗora wa sautuka kusan 44, shi ya sa c ɗinsu a "cat" daban, a "city" daban. Wani bincike da Philip Seymour da abokansa suka wallafa a 2003 ya kwatanta yara a ƙasashen Turai a ƙarshen shekararsu ta farko a makaranta. Masu koyon karatu da harsunan da rubutunsu ke bin furuci, irin na Finlan da Girka da Italiya da Sifen, sun karanta sama da kashi 90 cikin ɗari na kalmomin da aka ba su daidai. 'Yan Sikotlan masu koyo da Turanci, harshen uwarsu fa, kusan kashi 34 suka samu. Hausar boko a wancan rukuni na farko take: kusan kowane harafi sautinsa ɗaya, duk inda ka same shi. Gaɓarmu kuma siffa uku gare ta, baƙi da gajeren wasali kamar "ci", baƙi da dogon wasali ko tagwansa kamar "sau", sai baƙi da wasali da baƙi kamar "nan". Ba a cunkusa baƙaƙe biyu a farkon gaɓa, shi ya sa muka shimfiɗa wa kalmomin aro wasula muka ce burodi da direba da bulo. Yaron da aka bi da shi daidai bai kamata ya gama aji 1 bai iya haɗa kalmar Hausa ba.

Bi daidai kuwa ya haɗa da barin jerin A zuwa Z. Ba abin da ya wajabta shi sai al'ada. In ka fara da a, wanda ya fi kowane wasali yawa a Hausa, ka ƙara n da m da k, cikin 'yan kwanaki yaro na da nama, kama, kaka, mama, mana, nan, kuma yana iya karanta jimla sukutum: "Nana na nan." Yaron da ya karanta jimla da kansa a makonnin farko ya gane abin da ake nufi da haruffan nan, saura kuma ƙari ne.

Akwai baƙaƙen da ake iya ja, su suka fi daɗin wasa: mmm, nnn, sss, zzz, shhh, rrr. A ba kowanne motsi da kalmar da ta fara da shi. A shafa ciki a ce mmm, masa, wadda ba sai an yi wa ɗan Bauchi bayaninta ba. A ɗora yatsa a leɓe a ce shhh, shiru. A kaɗa hannu kamar fiffike a ce zzz, zuma. A rungume jiki a ce sss, sanyi. Sannan malama ta ja sautin ta zame da shi cikin wasali ba tare da ta yanke numfashi ba, mmmaaa, ma, yatsanta na tafiya daga harafi zuwa harafi. Matsalar tana wajen b da d da t da k da g, waɗanda ba sa jawuwa. Malami na son ya furta b ita kaɗai, sai ya ce "ba", yaro ya ɗauka sautin ke nan, gobe ya karanta "buta" ya ce ba-u-ta-a. Maganin shi ne kada a daɗe ana fama da irin wannan baƙi a tsaye shi kaɗai. A rubuta shi a gutsuren kwali a riƙe, a rubuta wasula a marafan kwalbar lemo, yara su riƙa sauya masa marfi: ba, bi, bu, bo, be. A tambaye su mene ne bai canza ba, su lura da leɓunansu. Abin nan da leɓe ke yi kafin wasali ya fito, shi ne b.

Inda Hausa ke da nata ƙalubalen shi ne baƙaƙe masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ, tare da ts da 'y. Ƙugiyoyin a shekarun 1930 suka shigo rubutun boko, kafin nan da ɗigo ko 'yar alama a gefe ake bambance su, kuma yau waya na neman mayar da mu baya, don mutane da yawa ba sa damuwa su nemo su. Babba yana cike gurbin da hankalinsa, yaro mai koyo ba shi da wannan gatan. Malamin da ya rubuta "kasa" a allo yana nufin "ƙasa" ya rushe wa yaro dokar da ya kwana yana gina masa, cewa harafi ɗaya sauti ɗaya. Kuma kalmomin da waɗannan baƙaƙe kaɗai suka raba ba su ƙirguwa: kafa da ƙafa, bata da ɓata, daka da ɗaka, baki da baƙi, kura da ƙura, sara da tsara, yaya da 'ya'ya.

A nan karya-harshe ke da ranarsa. Kowa ya san na ƙato da kwaɗo da suka tafi neman ƙoto, da tambayar wa zai ƙwace wa wani, ga kuma "turmi ture kura, kura ture turmi". Malami na iya ƙirƙiro nasa a kan baƙin da yake koyarwa: kura ta tayar da ƙura, Dije ta daka a ɗaka, ba ta ɓata ba Binta ce ta ɓoye. Yara da sauri suke son yin sa don su ga wanda harshensa zai sarƙe, a bar su su yi, amma koyon yana wajen da aka rage gudu. A rubuta "kura" a gefe guda na allo, "ƙura" a ɗaya gefen, malami ya faɗi ɗaya, yara su nuna da hannu. A sa su ɗora yatsa a maƙogwaro su ji yadda yake ɗan hawa sama in an ce ƙa, yake ɗan sauka in an ce ɓa. Wani abin lura kuma, b da d da ɓ da ɗ kusan siffarsu ɗaya ga idon da bai saba ba, sanda da ɗan kumburi, bambancin gefen da kumburin yake da lanƙwasar kai. Juya b ta koma d abu ne da ƙananan yara ke yi ko'ina a duniya, mu kuma namu huɗu ne. Bai kamata a kawo su a mako ɗaya ba. Sai ɗaya ta zauna daram a zo da 'yar'uwarta.

Jihar Bauchi kuma ba kowane yaro ne ya buɗe baki da Hausa ba. Ga Fulfulde, ga Sayanci a Bogoro da Tafawa Balewa, ga Jaranci a wajen Dass, ga Warjanci, ga wasu da dama. Yaron da ya fito daga ruga yana da ɓ da ɗ da 'y a harshensa, ba zai wahala da su ba, amma Fulfulde ba ta da ƙ da ts, don haka kunnensa na iya jin "ƙasa" da "kasa" abu ɗaya ne. Wannan ba daƙiƙanci ba ne, kuma dariyar 'yan aji ba ta gyara shi, wasan nuna kalma da hannu ya fi masa, don ba sai ya furta a gaban jama'a ba kafin kunnen ya buɗe. Shi ma ɗan cikin gari da ya saba cewa "motan Baba" zai iske "motar Baba" a littafi. A nuna masa cewa abin da ke rubuce ake karantawa, ba tare da an ce masa Hausar gidansu ba daidai ba ce.

Sai abin da rubutunmu ya ɓoye, kuma gaskiya ne a faɗa wa yara shi maimakon a yi kamar babu. Ba ma nuna tsawon wasali, ba ma nuna karin sauti. Ɗauki wasan sauya baƙin farko, wanda ya fi dacewa da Hausa: tasa, masa, wasa, dasa, gasa, fasa, kasa. A allo duk kamarsu ɗaya, amma a baki "tasa" da "wasa" dogon wasali gare su, "dasa" gajere, ukun ƙarshe kuwa kowacce kalma biyu ce. Akwai gasa nama, akwai gasar karatu. Akwai fasa tulu, akwai fasa tafiya. Akwai kasa tumatir a kasuwa, akwai kasa ɗaukar kaya. Haka gari na zama da garin tuwo, gadon kwana da gadon dukiya, kukan jariri da kukar miya. Yaron da ya haɗa ga da ri ya yi rabin aiki, sauran rabin sai ya duba maƙwabtan kalmar. Wannan ma wasa ne mai daɗi: malama ta rubuta "gari", ta karanta jimlar da gangan ba daidai ba, ta ce an auno mudun gari irin na zama, yara su yi caa su ce "Malama, ba haka ba ne!" Tun daga nan suke koyon cewa karatu ba ya cika sai abin da aka furta ya yi ma'ana, wanda shi ne ke raba mai karatu da mai haɗa baƙi kawai.

Duk wannan yana da sauƙin faɗa ga wanda bai tsaya gaban ajin da yara suka cika har bakin ƙofa ba. Babban abin da ke yaudarar malami a irin wannan aji shi ne amshi. Ya nuna harafi, aji ya ɗauka gaba ɗaya, ya ji daɗi. Alhali yara biyar ne a gaba suka sani, sauran suna jira su ji farkon amsa su bi. Don haka wasan da ya fi amfani shi ne wanda kowa zai amsa a lokaci ɗaya ba da murya ba. A rufe ido, wanda ya ji sautin s a farkon kalma ya ɗaga hannu. A fita waje kowa ya zana harafin a ƙasa da tsinke. Ɗaya ya rubuta harafi da yatsa a bayan abokinsa, shi kuma ya faɗi sautin. Wasan jini-jini ma yana juyuwa: maimakon a amsa wa abu mai jini, a amsa wa kalmar da ta fara da baƙin ranar, a yi shiru ga wadda ba ta fara da shi ba, a kuma cire dukan da ke biyo bayan suɓutar baki. Ko a ce an je kasuwar Wunti sayayya, ba a sayen komai sai mai farawa da m: manja, masara, mangwaro, makani, madara. Sai dai duk wasan da ake fitar da wanda ya faɗi yana da illa a aji, don wanda aka fara fitarwa shi ya fi kowa bukatar maimaici, ga shi ya koma ɗan kallo. A bar shi a ciki, a sake zagayowa kansa da tambaya mai sauƙi.

A gida kuwa ba sai uwa ta yi boko ba. Tana tankaɗe tana iya cewa, "Auta, kawo min abin da ya fara kamar sunan Baffa," ya ɗauko buta ko bokiti. Kakar da ke ba da kacici-kacici da tatsuniya da dare ita ma tana cikin aikin, ko ba ta sani ba.

Saura maganar Turanci, wadda ita ce ainihin damuwar iyaye. Makarantu da yawa, har da na gwamnati, sun rungumi Jolly Phonics, tsarin da wata malamar firamare a Ingila, Sue Lloyd, ta gina, aka fara buga shi a 1992. Yana koyar da sautuka 42 da waƙa da motsi, yana farawa da s, a, t, i, p, n. Tsari ne mai kyau, ya fi haddar ABCD nesa ba kusa ba. Amma don yaron da Turanci ke bakinsa aka yi shi. Motsin a na tururuwa ne masu hawa hannu, don sunansu da Turanci da a ya fara, yaronmu kuwa ya ga tururuwa da t zai fara. Motsin t na mai kallon wasan tanis ne yana juya kai, sai a nemo min ɗan shekara biyar a Darazo da ya taɓa zama kallon tanis. Ga p a cikin shidan farko, sautin da babu shi a Hausa. Yaron zai iya haɗa s da a da t ya furta, amma bai san ko ya faɗi kalma ko bai faɗa ba, sai ladan karatun, wato gane abin da aka karanta, ya kuɓuce masa.

Manufar ilimi ta ƙasa tun 1977 ta ce a fara koyar da yaro da harshen uwa ko na yankin da yake. A 2022, lokacin Malam Adamu Adamu, ɗan Azare, yana ministan ilimi, gwamnatin tarayya ta amince a kai abin har aji 6, sannan a ƙarshen 2025 aka sanar da janye shi aka koma Turanci. Takarda na iya juyawa, amma yaron da zai shigo aji gobe da kunnen Hausa zai shigo, kuma dabarar haɗa sauti sau ɗaya ake koyonta. Wanda ya iya ta da Hausa ya tafi da b, d, g, h, j, k, l, m, n, s, t, w, y, z da sh zuwa Turanci kusan kyauta. Har gadar da zai taka muna da ita. Kalmomin farko na Turanci yawanci baƙi ne da wasali da baƙi, namu kuma kusan duk da wasali suke ƙarewa, in ban da 'yan kalmomin nan na ƙarfafa zance da yara ke matuƙar so: fari fat, ja wur, sabo fil, ɗaya tak, ya tsaya cak, ya tashi wuf, ta wanke tas, an cinye kaf. Yaron da ya yi wasa da su ya saba rufe gaɓa da baƙi ba tare da ya liƙa mata wasali ba.

Abin da zai rage a koya masa sabo an san shi: wasulan Turanci masu yawa, da v, da th, da c mai fuska biyu, da cunkoson baƙaƙe irin na "stop" da bakinsa zai so ya mai da shi "sitof". Sai p da f, waɗanda suka cancanci a ware musu lokaci na musamman, don f ɗin Hausa da leɓuna biyu ake yin ta, shi ya sa take shiga tsakanin su biyun. A riƙe 'yar takarda a gaban baki, a rufe leɓe a sake shi da ƙarfi takardar ta yi tsalle, p ke nan. A ɗora haƙoran sama a kan leɓen ƙasa a hura a hankali takardar ta karkata ta tsaya, wannan ita ce f ta Turanci. Sai a rubuta "pan" da "fan" a allo, yara su riƙa nuna wadda suka ji.